Yatsa a Gindin Kwalba

Ranar wata Asabar a shekarar 1984, muna fitowa daga sallar asuba, aka tsinci Isha'aku kwance a jikin shingen kwanon gidan Inna Barakatu, a layinmu na unguwar Ruwais da ke Jidda. Yana numfashi sama-sama, idanunsa a buɗe amma ba sa ganin kowa. Da aka ɗaga shi sai wata kwalba ta faɗo daga cikin rigarsa ta mirgina a yashi. Koriya ce mai kauri, marfinta na tangaran ɗaure da waya. Babu komai a cikinta sai wari. Mun fi mutum goma a tsaye, amma ba wanda ya sunkuya ya ɗauke ta.

Isha'aku ɗan dako ne a kasuwar kifi, mutumin Tasawa. Kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a wurin hukuma, ya zo da mota ya kai shi asibiti. Kafin hantsi labari ya dawo cewa giyar ɓoye ya sha, mai guba, irin wadda ke cin ido kafin ta ci rai, kuma bai farfaɗo ba balle a tambaye shi. Bayan wannan sai umda, mai unguwar da hukuma ta sani, ya aiko wa Alhaji Gwadabe, dattijon da ke tsaya wa Hausawan Ruwais. Ya ce a miƙa mai sayar da abin kafin magariba, in ba haka ba 'yan sanda za su bi gida-gida. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Cikin kowane mutum uku a layinmu, biyu da bizar umra suka shigo suka zauna, ba su da iƙama, wato takardar zama.

Mutane ba su wahalar da kansu wajen neman mai laifi ba. Inna Barakatu tsintar kwalba take yi. Tsohuwa ce 'yar Mirriya, shekara ashirin da biyu a Jidda ba takarda, tsakar gidanta kuwa buhunan kwalabe ne har saman shinge. A ƙofarta aka tsinci mutumin, da kwalba a jikinsa. Kafin Alhaji Gwadabe ya iso, wasu sun riga sun ɓalle mata ƙofa suna zazzage buhu, ita kuma tana zaune a kan tabarma ta rufe fuska da mayafi.

Ni tela ne, kuma ni ke jan salla idan liman ba ya nan, shi ya sa ake ce mini Na'ibi har sunana na yanka ya ɓace. Alhaji Gwadabe ya kore mutane daga gidan, ya aika a kira Baba Alkasim, ni kuma ya ce in bi shi duk inda ya sa ƙafa, don in zama shaida.

*

Na san Baba Alkasim a matsayin mai gadin wani gini da ake yi a bakin titi, siririn tsoho mai sanda, wanda ba ya daɗewa a hira. An ce a Damargu ya tashi, yana bin sawun raƙuman sata tun kafin gemu ya fito masa, kuma ya taɓa bin ɓarawo kwana tara har ya same shi a bakin rijiya. Na sha jin wannan, ina ɗaukarsa irin labarin da ake ƙara wa gishiri a nesa da gida.

Da ya zo bai gai da taron ba sai da ya dubi ƙasa. Wurin da Isha'aku ya kwanta an tattake shi kamar filin idi. Ya sa hannu a gefen rigarsa ya ɗauki kwalbar, ya shinshina, ya juya ta, ya daɗe yana duban gindinta, sannan ya jefa ta a aljihu. Ya nemi a kawo masa silifa ɗaya ta Isha'aku da ta saluɓe a wurin. Ya dube ta sau ɗaya ya mayar.

Daga nan ya bar taron ya yi nisa, ya shiga zagaye wurin a hankali, rana a gabansa, kansa a karkace. A bayan wani tulin tubali ya tsaya, ya zana da'ira da sandarsa, ya ce ga sawun Isha'aku nan, in kifa kwano a kai. Ni dai yashi kawai na gani. Muka bi layin da baya-baya har ƙofar ɗakin Isha'aku, sannan muka juyo muka biyo shi yadda ya taho, Baba Alkasim yana faɗa mini abin da ya faru kamar yana wurin.

Ya ce mutumin ya fito yana gani, amma dishi-dishi, don takunsa gajere ne kuma a miƙe. A wajen famfo ya tsaya ya wanke fuska har sau biyu. Gaba kaɗan ya fara dafa bango, ya nuna mini inda farar ƙasa ta goge daidai kafaɗa. A kusurwar masallaci ya yi amai ya tura yashi ya rufe da ƙafa, don kunya ba ta bar shi ba tukuna. Daga nan ganin ya ɗauke gaba ɗaya: ga inda ya taka gwangwani, ga inda ya juya sau biyu a wuri ɗaya. Sai Baba Alkasim ya tsaya a tsakiyar hanya ya rufe ido.

“A nan ya tsaya ya saurara,” in ji shi. “Yatsun ƙafarsa duka sun juya hagu a lokaci guda. Ƙara ya ji. Malam, wace ƙara ake yi a hagun nan da asuba?”

Ban sani ba. Da muka koma muka tambayi Inna Barakatu, ta ce kullum bayan ta yi salla takan zauna ta ware kwalabe kafin rana ta yi zafi. Ashe ba daga gidanta ya fito ba. Makaho ne da ya ji ƙarar kwalba ya bi ta. Inda ya nufa kafin idonsa ya mutu shi ne dogon layin nan da ke gangarawa bakin teku, mai ƙofa fiye da arba'in.

*

Baba Alkasim ya zauna a ƙasa nesa da tabarmar Inna Barakatu, ya kira ta Hajiya, ya tambaye ta yadda sana'ar take. Ta yi bayani. Kwalbar lemo tana da kuɗi a kanta. Mai saye yakan bar wani abu a baƙala, wato kantin unguwa, in ya mayar da kwalba a mayar masa. Larabawa ta'amin suke cewa. Masu hali ba sa komawa, sai su zubar, ita kuma ta bi bayan gidajensu ta tsince ta kai ta karɓa. Da wannan take ci, da shi take biyan ɗaki.

Ya fito da koriyar kwalbar ya ajiye a gabanta. Ta ja da baya. Ta ce irin wannan a juji na gidajen Turawan kamfani ake samunta, can arewacin gari. Wani kuku ya taɓa karanta mata rubutun da ke jikinta, ya ce a ƙasarsu hukuma ce ta ɗora kuɗi a kan kowace kwalbar giya don kada a watsar da ita ta ɓata gari, duk wanda ya mayar sai a biya shi. Amma a Jidda wa za ka kai wa? In aka gan ka da ita ma bulala ce. Ita in ta ci karo da ita, dutse take sa wa ta binne.

Ya tambaye ta ko duk masu tsinta haka suke yi. Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce ba ta son ta ɗora wa 'yar mutane, amma a tambayi A'i.

A'i matashiyar bazawara ce daga Maraɗi, tana bin juji ɗaya da Inna Barakatu. Mun same ta ta riga ta ɗaure kayanta a zani, tana jiran abin da zai faru. Ta fara da rantsuwa, ta koma kuka, daga bisani ta faɗi gaskiya. Shekara biyu ke nan tana ware irin waɗannan kwalabe tana sayarwa, kuma kowace ɗaya ta fi kwalbar lemo ashirin daraja. Ba ta taɓa ganin abin da ake zubawa a ciki ba. Da aka tambaye ta wa take sayar wa, sai ta ce Isha'aku. Shi ke zuwa ya karɓa a buhun kifi, ya kai inda ba ta sani ba.

Ga shi hanya ta koma kan mutumin da ba ya magana. Baba Alkasim kuwa tambaya ɗaya ya ƙara: a cikin waɗanda ba ta kai ga sayarwa ba, akwai saura? Ta tono guda biyu daga ƙarƙashin murhu. Ya juya gindinsu ya duba, ya mayar mata, ya ce ta fasa su.

*

A bakin layin teku baƙalar Jabiru take, kuma sawun Isha'aku na kwanakin baya ya yi yawa a ƙofarta. Jabiru haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. Tun da ya hango mu ya fara goge kanta da ba ta da datti. Mutanen da ke biye da mu daga nesa suka fara gunaguni, don kowa ya san duk kwalbar unguwa a hannunsa take ƙarewa, kuma yana da ɗaki a baya da ba ya barin kowa ya shiga.

Baba Alkasim ya nemi ya ga ɗakin. Jabiru ya ce mabuɗi ya ɓata, ya ce ɗakin na kafilinsa ne, ya ce wallahi ya ammi babu komai. Da Alhaji Gwadabe ya aiko cewa a buɗe ko a ɓalle, sai mabuɗi ya fito daga aljihunsa. Akwatunan kwalbar lemo ne har rufi, babu koriya ko ɗaya. Abin da yake ɓoyewa daban ne: kamfanin lemo ya ƙara kuɗin kwalba tun bara, shi kuma bai gaya wa matan ba, yana biyansu tsohon farashi yana tara bambancin. Takardar sanarwar na manne a bayan ƙofa. Isha'aku kuwa burodi da sigari yake zuwa saye.

Aka yi ta zaginsa, amma zagi bai kawo mu ko'ina ba. Rana ta take tsaka, yashin layin ya cika da sawun yara da akuyoyi da masu tura baro. Baba Alkasim da kansa ya ce ƙasa ta rufe bakinta a nan.

*

Muka zauna a inuwar wata darbejiya mu biyu. Ya fito da kwalbar ya tambaye ni ko na taɓa tunanin abin da zai sa mutum mai ciwo, wanda idonsa ke mutuwa, ya fita da kwalbar giya fanko a cikin rigarsa a garin nan. Mai hankali jefa ta zai yi a masai. Sai fa in akwai kuɗinsa a kanta. Mai sayar da abin, in ji shi, ya kwaikwayi masu lemo: kwalbar tana da wuyar samu, kuma in ta yi yawo za ta tona shi, don haka yake riƙe kuɗin mutum sai ya dawo da ita. Isha'aku mayar da ita zai yi, wataƙila kuma ya tambayi abin da aka ba shi ya sha.

“To wanda ke mayar da kuɗi dole ya gane kayansa,” ya ce. “Na A'i gindinsu fes. Dubi wannan.”

Ya juya ta ya miƙo mini. A cikin ramin gindin akwai ɗan dunƙulen ma'ajun, ƙullun nan da kafintoci ke toshe ramin ƙusa da shi, ya bushe ya yi tauri. An danna shi da babban yatsa. Zanen yatsan ya fito sarai, kuma wani tabo ya ratsa shi a karkace, ya rabu biyu a ƙarshe kamar harshen maciji.

Na san yatsan. Ni na ɗaure shi da ƙyallen ɗinki shekara bakwai da suka wuce, ranar da zarto ya zame wa Abdulghani kafinta. Jirgi ɗaya ya kawo mu daga Kano. Shi ya saya mini keken ɗinkina na farko lokacin da nake kwana a barandar mutane, kuma kullum da hantsi a shagonsa nake shan shayi. Na sha kallon tabon nan a jikin kofi.

Baba Alkasim ya ce masu taɓa ma'ajun a Ruwais sun fi ashirin, da kafintoci da masu sa gilashi, ba zai iya bin hannayensu kafin magariba ba. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin irin wannan yatsa. Na ce ban taɓa ba. Bai dubi fuskata ba, ƙasa yake kallo. Ya ce to, in je in ja wa mutane azahar, shi zai ɗan kishingiɗa.

*

Na ja salla ban san abin da na karanta ba. Da aka sallame na fita ta ƙofar alwala, na bi ta bayan gidaje, na zaga ta lungun masu gyaran raga, na shiga shagon Abdulghani ta baya.

Yana goge wata ƙofa. Ya yi mini murmushi ya ce yau shayi ya huce yana jirana. Na gaya masa abin da na gani a gindin kwalba. Na roƙe shi, don Allah da zaman da muka yi, in akwai wasu kwalaben a hannun mutane ya faɗa tun kafin wani ya sha. Ya ajiye abin gugar ya dube ni ido cikin ido. Ya ce shi da ya yi hajji sau shida zan kawo wa wannan magana? Ya ce masu tabo a yatsa sun cika duniya. Ya rantse. Na fito ina jin kunyar kaina, rabin zuciyata ta yarda da shi, don ina son ta yarda.

Na tarar da Baba Alkasim inda na bar shi, idonsa a rufe. Ya ce a gaya wa Alhaji Gwadabe ya tara mutane a tsakar gidan Inna Barakatu bayan la'asar, a kira A'i da Jabiru. Sannan ya ce, kamar abin da ya tuna daga baya, tunda an ɓalle wa tsohuwa ƙofa, a kira kafintan nan na ƙarshen layin teku ya gyara mata.

*

Tsakar gidan ta cika. Alhaji Gwadabe na kan kujera, Inna Barakatu da A'i a gefe guda, Jabiru a tsaye ya harɗe hannu. Abdulghani ya zo da akwatin aikinsa ya durƙusa a bakin ƙofa yana ɗaura ƙusa. Babban yatsansa na dama naɗe yake da farin ƙyalle. Da azahar babu ƙyallen nan. Da na gan shi sai na koma na jingina da shinge.

Baba Alkasim ya yi magana a zaune, ba ya ɗaga murya, har sai da mutane suka matso. Ya faɗi yadda Isha'aku ya taho da yadda ƙarar kwalba ta ja shi, ya ce Hajiya Barakatu ba ta da hannu. Ya ce A'i ta sayar da fanko, laifinta ke nan, ba ta wuce nan ba. Ya ce tsakanin Jabiru da matan unguwa akwai magana, amma ba ta yau ba ce. Sannan ya zagaya da kwalbar, kowa ya ga yatsan.

Alhaji Gwadabe ya tambaye shi na wane ne.

“Sawun Isha'aku a bakin layi ya ƙare,” in ji Baba Alkasim. “Sai na nemi wani ya ƙarasa mini. Na nuna wa Malam Na'ibi yatsan nan, bakinsa ya ce bai sani ba, ƙafarsa ta dama ta ja baya taki guda. Tela ne, gaban ƙafar damansa ya fi nutsewa, saboda taka keke. Da aka idar da azahar na bi ta. Ta fita ta ƙofar alwala, ta bi lungun masu raga, ta shiga wata ƙofa da sauri. Ta fito a hankali, da garin katako a dunduniya.”

Ni kuwa ji na yi kamar an buɗe ƙirjina ana karantawa. Mutumin da na bari yana barci a gindin bishiya ya bi ni, ya dawo, ya kwanta, kuma ko numfashinsa bai canza ba.

Abdulghani bai juyo ba. Ya ce wa Alhaji Gwadabe abokinsa ne ya zo shan shayi kamar kullum, yatsa kuma yanzun nan guduma ta same shi, ba zai kwance ciwo don maganar mai gadi ba. Wasu suka fara gyaɗa kai, don mutum ne mai mutunci a unguwa, shi ya yi wa masallaci tagogi kyauta. Baba Alkasim bai yi musu ba. Ya juyo ya dube ni, karo na farko a ranar da ya dubi fuskata.

Na ce na san tabon. Na faɗi ranar da zarto ya yi shi da irin ƙyallen da na ɗaure shi da shi. Na ce na yi wa Baba ƙarya a gindin darbejiya, na je na gaya wa Abdulghani, kuma a lokacin yatsansa lafiya lau yake. Sannan na matsa kusa da shi na durƙusa.

“Abdulghani, guda nawa ne a waje?”

Ya dubi gudumar da ke hannunsa. Ya ajiye ta, ya warware ƙyallen da kansa.

“Goma sha ɗaya,” ya ce. “Har da ta Isha'aku.”

Bai kawo uzuri ba. Ya ce a wurin wani yake saro abin a jarka ya ɗura. Wannan makon abin ya gaza, sai ya cika da isbirto, ruwan da yake narka fenti da shi, yana zaton duk ɗaya ne. Alhaji Gwadabe ya tambaye shi ko ya san waɗanda suka saya. Ya ce yaya ba zai sani ba, kowannensu ya bar riyal goma a kan kwalba. Ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, da ɗakunansu, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Akwai sunayen da suka sa mutane sunkuyar da kai.

*

Alhaji Gwadabe ya raba mu biyu-biyu, ya ce yalla, maza a karɓo kwalaben, kuma duk wanda ya ji suna a nan ya bar shi a nan. Shi da kansa ya kama hannun Abdulghani suka tafi wurin umda. Kafin rana ta yi ja an dawo da kwalba tara. Bakwai ba a buɗe ba. Mutum biyu sun ɗan taɓa, aka garzaya da su asibiti, kuma Allah ya tsare musu idonsu.

Saura ɗaya. Tana hannun Muntaka, wani mutumin Gaya da ke aiki a jirgin masunta. Ɗakinsa a rufe. Baba Alkasim ya ɗauki sawunsa daga bakin ƙofa, muka gangara har inda yashi ya fara laushi. Ya ce ya fito da asuba da buhu a kafaɗar hagu, lafiyarsa ƙalau, bai sha ba tukuna. Ya nuna mini inda ya haɗu da wasu mutum huɗu, da inda suka tura ƙaramin kwalekwale. Daga nan sai ruwa. Wani tsohon masunci ya ce jirginsu ya yi kudu, ba sa dawowa ƙasa da kwana shida, kuma ba su da rediyo.

Baba Alkasim ya tsuguna a inda igiyar ruwa ke lasar ƙasa ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara sittin yana bin abin da ya taka ƙasa, amma wannan shimfiɗar Mai ita kaɗai ke karanta ta. Ya ɗaga hannu yana addu'a, na ɗaga.

'Yan sanda ba su shigo layinmu ba. Isha'aku ya farfaɗo a kwana na uku, ya rayu, amma bai sake gani ba. Abdulghani ya yi zaman kurkuku, daga can aka mayar da shi gida, ban sake saka shi a ido ba. Na gaya wa liman ya nemi wani na'ibin, ya ce in bari ya yi shawara, kuma har ya rasu bai gama shawarar ba.

Kwanakin nan shida kuwa, kowace safiya ni da Baba Alkasim muna bakin teku. Ba ma hira. A rana ta shida wani da ya kawo ɗinki ya tsare ni, na makara. Da na iso jirgin na ɗaure, an kwashe kifi, mutanen sun watse, babu wanda za a tambaya. Baba Alkasim ma isowarsa ke nan daga wurin gadi. Ya ɗaga mini sanda alamar kada in taka. Ya bi gefen jiƙaƙƙen yashin a sunkuye, yana motsa leɓe, ya je ya dawo.

“Biyar suka tafi, biyar suka sauko, kowa da ƙafarsa,” ya ce.

Na ce ai makaho ma da ƙafarsa yake saukowa, in an riƙe masa hannu.

Ya kama hannun rigata ya ja ni gaba kaɗan. Wata siririyar igiyar raga ce miƙe a kan yashi, tsayinta daga ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba, launinta ɗaya da ƙasar, ni kaina sai da ya nuna na gan ta. Ya sa bakin sandarsa a kan wani sawu a wannan gefe, ya ɗaga ya sa a kan wani a wancan gefen.

“Ga Muntaka nan,” ya ce. “Shi kaɗai, ba kowa a gefensa, da kaya a ka. Ya tsallake ta.”